Sista Dannau da Fo Mai Ƙamshin Sabulu

"Inna, ina fitsarinki?"

Wannan ita ce maganar farko da ta taɓa haɗa Sista Dannau da Inna Mai Kwanuka. Babu ina kwana, babu yaya jiki. Sista na tsaye a gefen gado na uku, hannu ɗaya riƙe da takarda, ɗayan riƙe da fo, irin wanda ake turawa ƙarƙashin gadon marar lafiya, a bushe ƙayau sai ƙyalli yake.

Inna ta dube ta sama da ƙasa. "Ajiyarsa kika ba ni?"

"Kwana biyu ana ba ki maganin fitar da ruwa. Takarda ta ce ko ɗigo ba ki yi ba. Sikeli ya ce kin rage kilo biyu. Ɗaya daga cikinsu maƙaryaci ne, ni kuma ban taɓa kama sikeli da ƙarya ba."

"To je ki tuhumi takardar. Ke 'yar nan, a gidanku haka ake gaida manya?"

Sista ta kai fo ɗin kusa da hanci ta shinshina. "Sabulun wanka. Mai ƙamshin lemo ma. Inna, tun da aka gina asibitin nan ba a taɓa wanke fo da sabulu mai ƙamshi ba."

Matan ɗakin suka fashe da dariya, har wata mai ɗinkin tiyata a ciki tana riƙe da gefenta tana cewa a taimaka a daina.

Ga yadda aka yi. An kawo Inna ne ƙafafu sun kumbura sun yi suntum, in ta kwanta numfashi ya tokare mata ƙirji. Likita ya ce zuciya ce ta gaji da turin jini, shi ne ruwa ya samu wurin zama a jiki. Aka ɗora ta a kan maganin da ke matsa wa ƙoda ta tace ruwan ta fitar, aka kuma kafa mata doka: abin da ta sha a rubuta, abin da ta fitar ta bar shi a fo har ma'aikaciyar jinya ta zo ta juye a kofin awo. Inna ta ce to. Amma "to" ɗin Inna iri-iri ne, kuma wannan ba na yarda ba ne. Macen da ta shekara arba'in tana sayar da kwanuka da tukwane a kasuwa, kullum da tsumma a kafaɗa, ƙura ba ta isa ta kwana a kan murfinta ba, ita ce za ta bar mazubi da ƙazanta a ƙarƙashin gado surukai na shigowa dubiya? Har kuma 'yar wani ta zo ta ɗauka ta ɗaga a haske tana leƙawa? Sai dai wata. Da ta ga masu fararen kaya sun ba da baya, sai ta rufa wa fo gefen zane, ta ja ƙafa zuwa bayi, ta zubar, ta wanke tas da sabulunta, ta goge, ta mayar. Duk wadda ta zo dubawa ta tarar babu komai, ta rubuta babu komai. Zuwa safiya ta uku likitan ɗakin, wani mai gilashi, ya dafe kai: ƙoda ta tsaya, a sa robar fitsari, a shirya ɗakin wankin ƙoda. A ranar Sista ta dawo daga hutu. Ta ce masa ya ba ta minti biyar tukuna.

"Ke ba ki san kunya ba ne?" in ji Inna da ta ga asiri ya tonu. "Sa'ar uwarki ce ni fa. Ki ɗauki fitsarina ki zagaya ɗaki da shi kamar mai talla?"

"Inna, saura ƙiris tsabtarki ta sa a zura miki roba a kai ki inji. Da kofin nan kaɗai ƙodarki take yi mana magana. Ke kuma da ta buɗe baki sai ki wanke maganar da sabulu."

"Allah ya shirye ki."

"Amin. Miƙo ƙafar."

Sunan Dannau ma Inna ce ta laƙaba mata a wannan makon, ya kuma bi ta har ofishin shugaban asibiti. Dalili kuwa, ba ta iya wuce ƙafar mutum. Za ta ɗora babban yatsa a ƙwauri ta danna, leɓe na motsi tana ƙirga biyar, sannan ta ɗaga ta tsura wa gurbin ido. In ramin ya cike nan take, ta wuce abinta. In ya zauna kamar an danna kwaɓin fulawa, to mutum ya shiga uku da tambaya: me ka ci jiya, wa ya dafa, matashi nawa ka tara kafin numfashi ya bar ka ka kwanta.

Gajera ce mai faɗin kafaɗa, ta ba arba'in baya, da farin takalmi da ya sha wanki har ya fara komawa ruwan toka. A aljihun dama biro uku da almakashi. A na hagu 'yar kwalbar jan farce, ita da ba a taɓa ganin ja a farcenta ba. Aikinta na safe ba ya canja tsari ko da gobara ake. Sikeli kafin karin kumallo, kuma da kaya iri ɗaya kullum, har lalitar da ke ɗaure a ƙugun Inna sai an kwance, Inna na masifa wai ana yi mata fashi da rana tsaka. Daga nan ƙwaya, da sassafe, don mutum ya gama zaryar bayi tun rana na sama. Sai "fito da harshe". Sai kofi, ta ɗaga shi saitin taga ta duba zane ta duba launi, fuskarta kamar mai zaɓen atamfa.

Inna ba ta zama da mutum kwana uku ba ta san kakansa ba. Kafin a sallame ta ta gama tatsar tarihin Dannau kaf. Mahaifinta man inji yake sayarwa a bakin tasha, kuma tun tana 'yar shekara tara ita ke zuba wa direbobi da gwangwanin awo. In ya haura zane tsohon ya ce ta cuce shi, in bai kai ba ya ce ta cuci mutane. Mijinta makanike ne. "Shi yana duba mai a cikin inji, ni ina duba ruwa a cikin mutane," in ji ta. "In mun dawo gida kowa sai ya wanke hannu kafin ya taɓa wani." 'Ya'yansu uku, kuma duk sun san gishiri a gidansu a cikin durowa yake, mabuɗin yana wuyan uwarsu. Ranar da aka fara kai ta gaida mahaifin mijin, ta sunkuyar da kai ta ƙi ɗagowa, kowa na yabon kunyarta, ashe idon sawun tsohon take kallo. Ana gama gaisuwa ta ce, "Baba, don Allah gobe ka je asibiti." Har yau uwar mijin in ta ji sallamarta sai ta naɗe ƙafafu ta cusa a ƙarƙashin zane.

"Wannan ba aiki ba ne, ciwo ne," in ji Inna. "Wa ya sa miki shi?"

Dannau ta gyara zanen gado. Can ta ce mahaifiyarta ma ta yi kumburi irin wannan. Aka ba ta 'yar farar ƙwayar nan ta fitar da ruwa aka ce ta sha kullum, ba wanda ya ƙara mata ko kalma. Ta samu sauƙi sosai. Sai wani lokaci amai da gudawa suka kama ta, ta ci gaba da shan ƙwayar a kai, tunda an ce kullum. Jiki ya bushe, ƙoda ta tsaya, ba ta sake tashi ba. Dannau na da shekara goma sha shida.

"Biyayya ce ta kashe ta," in ji ta. "Shi ya sa masu gardama irinki ba sa ba ni tsoro sosai."

Inna ta ce Allah ya ji ƙanta. Daga ranar ba ta sake taɓa fo ba, amma kullum aka zo ɗauka sai ta kau da kai tana kallon bango kamar ba nata ba.

Ranar sallama Auta, 'yar Inna ta ƙarshe, malamar makaranta, ta zo da sabon sikeli mai allura kamar yadda Sista ta umarta. Matsalar ita ce Inna ba ta karanta lamba. A ka dai ba mai kama ta a lissafi, amma a rubuce, uku da takwas duk tsutsa ce a wurinta. Nan amfanin jan farcen ya fito. Dannau ta ɗora ta a kan sikelin, ta ga inda allura ta tsaya, ta tsuguna ta ja jan layi biyu a kan gilashin, ɗaya a dama ɗaya a hagu.

"Tsakanin nan shi ne gidanki. Kullum da safe, kin fito bayi, ba ki ci komai ba, ki hau. In allura ta ƙetare na dama, ruwa ya taru, ki zo. Ko babu ciwo ki zo. Kin ji? Na dama. In ta faɗo ta wuce na hagu kuma kin bushe, shi ma ki zo. Ƙwaya ɗaya ce da safe. In amai ko gudawa suka kama ki, ki ajiye ta ki taho a ranar. Maganin ciwon jiki na kemis kuwa, ko kyauta aka ba ki kar ki karɓa, ba sa shiri da ƙodarki. Gishiri kuma..."

"Na ji, na ji. Mijina ma bai kafa mini doka haka ba."

Ta ji ɗin, amma kunnen Inna yana da tankaɗe. Layin dama ta san shi, ta sha wuyarsa, ta san yadda mutum ke neman iska kamar kifi a tudu. Na hagu kuwa, wa ya taɓa zuwa asibiti don jikinsa ya yi sauƙin ɗauka?

Wata takwas allura na zaune a gidanta lafiya lau. Inna ta koma rumfa, ta koma faɗa da masu taya tukunya kamar ba su san darajar ƙarfe ba, ta kuma zama ƙaramar likitar layinsu, duk wadda ta zauna a bencinta sai an danna mata ƙwauri. Sai jikarta ta gama makaranta, aka sa ranar ba da takardun shaida. Auta ta sayo mata rufaffen takalmi ruwan zuma mai ɗan ƙarfe a goshi. Inna ta gwada, ya ƙi shiga. Ta tura, ta murɗa, ta shafa mai a dunduniya, ya ƙi. Ta dubi ƙafar ta ce, "Ruwan nan ne ya dawo a ɓoye." Ta hau sikeli, allura na tsakiya, ta ce ai shi ma sikelin ya tsufa. Washegari ta sha ƙwaya biyu. Jibi ma biyu.

A kwana na biyar takalmi ya shiga, da kyar dai, amma ya shiga. Ta je taro ta zauna a layin gaba ta miƙe ƙafafu yadda kowa zai gani. Da ta ga dabara ta ci, sai ta ci gaba da biyu. Ga zafin rana. Ga wani abu da ta ci a wurin taron da ya ɓata mata ciki, kwana biyu tana zarya. Ga gwiwa da ta ɗauki ciwo saboda tafiya da matsattsen takalmi, ta aika kemis aka kawo mata ƙwayoyin ciwon jiki masu ruwan hoda. Allura ta faɗo ta wuce layin hagu, Inna ta yi murmushi ta ce ta koma budurwa. Jirin da take ji in ta miƙe, da jijiyar da ke naɗe mata sha-raɓa, ta ɗora wa rana laifinsu.

Allah ya sa tukunyar Dannau ta huje a makon. Ta shigo kasuwa sanye da kayan gida, ta nufi rumfar Inna.

"A'a, Dannau! Zo ki danna yau ki ga ikon Allah." Inna ta miƙo ƙafa da takalmi. "Ko ramin allura ba za ki samu ba."

Dannau ba ta ko kalli ƙafar ba. Fuskar take kallo: ido ya faɗa, leɓe ya tsage. Ta kama fatar bayan hannun Inna ta ɗaga ta saki, fatar ta tsaya cak kamar an ɗame ta da sitaci.

"Fito da harshe."

"A kasuwa?"

"Yaushe rabonki da fitsari?"

Mata biyu da ke taya kwano suka juyo. Inna ta ce, "Ke dai ba ki da gaisuwar da ta wuce wannan." Amma ta rage murya ta ce tun jiya da safe, shi ma ɗan kaɗan, kamar shayin da ya daɗe a wuta. Da aka tambaye ta ƙwaya nawa take sha, ta ɗaga yatsu biyu tana kallon gefe. Da aka zazzage lalita, sai ga ƙwayoyi masu ruwan hoda.

Dannau ba ta yi faɗa ba, abin da ya tsorata Inna ke nan. Ta tsuguna ta cire mata takalmin, ta juya ƙasansa ta duba. "Lamba talatin da tara. Ƙafarki arba'in da ɗaya ce, Inna. Ba ruwa ba ne, takalmin ne ƙarami." Ta roƙi mai rumfar kusa ta rufe kaya, ta tare tasi, ta saka Inna a baya ba takalmi.

Gado na uku ne dai ya sake karɓarta. Aka ɗebi jini. Likita mai gilashi ya zo da sakamako ya zauna a bakin gado, kuma Inna ta san likita ba ya zama sai maganar mai nauyi ce. Ya ce ƙoda ta sha ƙishirwa har ta suma, dattin da ya kamata ta tace yana taruwa a jini. Za a tsayar da ƙwayoyin duka, a yi ƙarin ruwa, a jira kwana uku. In ta farfaɗo, shi ke nan. In ba ta farfaɗo ba, sai inji. Inna ta san ɗakin injin, ta leƙa shi a zuwanta na farko: mutane a kwance jere, jini na bin tiyo yana fita yana dawowa, awa huɗu, sau uku a mako. Wanda ke zuwa can sau uku a mako ba ya buɗe rumfa. Ta tuno tukwanenta a jere, ƙura na sauka a kansu ba mai gogewa. Auta kuwa sai kuka take wai ita ta jawo da ta sayo takalmin ba ta gwada ba.

"Rufe mini baki," in ji Inna. "Ke kika ɗura mini ƙwayar?"

Aka kawo robar fitsari za a sa mata, ta riƙe hannun Dannau. "Kar ki yi mini haka. Na rantse ko ɗigo ba zan zubar ba." Dannau ta dubi likita, likita ya dubi Dannau, aka mayar da robar, da sharaɗin in an rasa ɗigo ɗaya za ta dawo.

Ƙarin ruwan ma ba a sake shi ya zuba ba. Zuciyar da ta gaji ba a yi mata ambaliya, sai ruwan ya koma huhu. Dannau ta tsaya da agogo a hannu tana ƙirga ɗigo, ta rage, ta ƙara, bayan kowane ɗan lokaci ta manna abin sauraro a bayan Inna ta ce ja numfashi. Inna ta ce ko mai shayar da jariri bai kai ta tsumulmula ba.

"Gara in shayar da ke da cokali da in nutsar da ke da bokiti," in ji Dannau. Can tana gyara filasta ta ƙara da cewa, ba tare da ta ɗago ba, "Ni ma da laifina. Layin dama sau uku na nanata miki. Na hagu sau ɗaya na faɗa na wuce. Kuma shi ne ya ɗauke mini uwa."

Inna ta miƙa mata hannu ta ƙarasa gyara filastar.

Ranar farko abin da aka samu bai kai zanen farko na kofi ba. Inna da kanta ta ce a kawo ta gani, ita da a da take kallon bango. Ta sa aka nuna mata zanen da ake so ya kai, ta ƙirga da yatsa daga ƙasa, ta riƙe a ka. Rana ta biyu ya haura zane biyu ya tsaya. Zuwa lokacin duk ɗakin ya shiga maganar. Matar gado na huɗu, wata mai ƙiba da aka kwantar saboda ciwon suga, da ta ga Inna ta motsa sai ta ce, "Yaya, Inna, an samu?" Inna ta ce, "In an samu za a aiko miki da naki kason." Wata ta ba da shawarar a buɗe famfo ta riƙa jin ƙarar ruwa. Aka buɗe. Mata huɗu suka tashi suka nufi bayi, Inna na zaune ko gezau.

A rana ta uku, ana gab da azahar, abin ya zo. Ya zo kuma ba da wasa ba, har sau biyu cikin awa guda, sai da aka ƙaro fo na biyu. Dannau aikin yamma take ranar, sai ƙarfe biyu za ta shigo. Mai shara ta zo da tsintsiya da bokiti, ta ga fo cike, ta sunkuya za ta kawar.

"Kar ki taɓa!" Inna ta daka tsawar da ta sa likita leƙowa daga ofis. "Wallahi kika taɓa sai mun yi shari'a."

"Inna, baƙi na shigowa, ga wari..."

"Su shigo. Wanda bai iya ba ya toshe hanci."

Sistar safe ta zo da kofi ta ce bari ta auna, Inna ta ce ta auna na farko ta rubuta, amma na biyun ba mai ɗaga shi sai mai shi ta zo. Haka ta zauna ta sa ƙafa ta tokare fo kamar mai gadin zinariya, surukinta ya shigo dubiya ta amsa gaisuwarsa ko a jikinta. Ƙarfe biyu saura kaɗan sai ga farin takalmi mai ruwan toka a bakin ƙofa.

"Dannau! Zo ki karɓi ajiyarki."

Dannau ko jaka ba ta ajiye ba. Ta sa safar hannu, ta juye a kofi, ta ɗaga saitin taga. Matan ɗakin suka zuba ido. Inna na ƙirga zane da leɓe, ta riga ta gane kafin a faɗa. Dannau ta haɗa da na takardar safe, ta sauke kofin a hankali ta ce, "Ƙodar nan ta fi mai ita jin magana." Matar gado na huɗu ta hau tafi da murfin kwano, ɗakin ya ɗauka. Inna ta rantse ta ga Dannau ta goge ido da kafaɗa, Dannau ta ce warin ne ya shige mata ido.

Jinin da aka ɗiba bayan kwana biyu ya nuna datti ya fara sauka, na bayansa ya fi shi. Likita ya ce babu maganar inji. Ya ce dai ƙodar ta ji jiki, ba za ta koma kamar da ba, sai an lallaɓa ta. Aka mayar da Inna kan ƙwayarta, ɗaya tak. Ranar sallama Auta ta kawo sikelin, Dannau ta fito da jan farce ta ƙara wa layin hagu kauri har ya ninka na dama, kuma tun daga ranar haka take ja wa kowa. Takalmin kuwa Inna ta rataye shi a ƙusa a cikin rumfa, duk wanda ya taya ta ce ba na sayarwa ba ne, malaminta ne.

Shekara biyu bayan haka aka yi wa Dannau canjin wurin aiki zuwa wani asibiti mai nisa, inda aka buɗe sabon ɗakin masu ciwon ƙoda. Ta zo rumfa yin sallama, ta kuma tuna har yau ba ta sayi tukunyar nan ba. Inna ta zaɓo mata mai kaurin gindi ta goge da tsumma. Sannan ta jawo wani kwali daga ƙarƙashin benci: kofunan awo goma sha biyu, masu zane baƙi ƙirin da ko makaho zai lalubo, ta sa dillalinta ya nemo mata tun da ta ji labarin tafiyar.

"Na asibitin nan zanensu ya koɗe, kina ta ƙanƙance ido kamar mai zura zare a allura. Zauna."

Dannau ta zauna. Inna ta sunkuya ta ɗora babban yatsa a ƙwaurinta ta danna, ta ƙirga biyar, ta ɗaga. Ramin ya cike.

"Kin tsira. Amma ki riƙa zama, tsayuwar ta yi yawa."

"To, likita. Allurar sikelinki fa?"

"Tana gidanta. Ba ta leƙa maƙwabta."

Dannau ta ɗora kwali a ka, ta rungumi tukunya, ta yi godiya ta juya. Har ta kai bakin layi Inna ta ƙwala mata kira, yadda duk 'yan kasuwa suka ji.

"Ke Dannau! In kin je can, ki leƙa ƙarƙashin gadaje. Tsohuwar da kika ga fo ɗinta ya fi na kowa tsabta, ita za ki fara tsarewa."